Yadda zaka buga zanen takardar kuɗi taka ta kanka, da roba da bayan cokali

Salam 'yan uwa. Tun ranar da na rataye zanen nan nawa mai kama da takardar kuɗi a bangon shago mutane ke ta tambayata wai da wane inji na buga shi, wasu ma cewa suke kwamfuta ce ta yi, toh ba ko ɗaya, roba ce na sassaƙa da hannuna na shafa mata tawada na kifa takarda na goge da bayan cokali, shikenan. Shi yasa yau nace bari in zauna in rubuta yadda ake yi tun daga farko, saboda ina so yaranmu masu zane a Kaduna su shiga wannan harkar, akwai maganar da ya kamata mu riƙa yi game da kuɗi da manya wadda baki baya iya faɗinta yadda zane zai faɗa.

Ni asalin sana'ata buga riguna da fosta ne, kuma duk wanda yake wannan sana'ar ya san lokacin siyasa shi ne kakarmu, na buga fuskokin manya a jikin riga da hula da kalanda har ban san adadi ba. Amma ban taɓa tsayawa nayi tunani a kan fuskar da ke cikin aljihuna ba sai a watan Fabrairun 2023, lokacin wahalar canjin kuɗi. Nayi sammako na shiga layi a ƙofar wani banki a cikin gari, akwai wani dattijo a gabana riƙe da tsohuwar ɗari biyu duk ta yi laushi, ya juyo yace min yaro duba min nan, Sardauna ne fa a jiki amma mai shayi ya ƙi karɓa. Nace Baba ai sabuwar ma shi ne a jiki, launi kawai aka canza. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai, fuska ɗaya ce a takardu biyu, ɗaya tana sayen shayi ɗaya bata saye, kenan ba fuskar ce ke riƙe da darajar ba, toh me take yi a wurin, kuma wa ya zaɓa mana ita? Daga wannan tambayar zanen ya fito.

Mataki na farko, kar ka taɓa fensir tukuna. Ka samo duk takardun naira da zaka iya samu daga biyar har dubu ka jera su a kan tabarma da rana, ka ɗauki waya ka jawo hoton kusa sosai ka kalla kamar yau ka fara ganin kuɗi. Nan nake so ka ɓata lokaci don nan ne karatun yake. Naira ta fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 1973 ta maye gurbin fam da sule, kuma takardun farko babu fuskar wani shugaba a jiki. Ɗan Najeriya na farko da aka sa hotonsa shi ne Janar Murtala a kan naira ashirin a 1977, shekara guda bayan an kashe shi, shi yasa har gobe zaka ji ana cewa bani Murtala. A 1979 aka ƙara Herbert Macaulay a naira ɗaya, Tafawa Balewa a biyar, Alvan Ikoku a goma. Sai Awolowo a ɗari a 1999, Sardauna a ɗari biyu a 2000, Azikiwe a ɗari biyar a 2001, dubu kuma ta zo a 2005 da Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin babban banki.

Toh yanzu ka juya bayansu. Nan zaka ga abin da ya fi damuna. A bayan goma 'yan matan Fulani ne da ƙwaryar nono, a bayan hamsin masunta ne, a bayan biyar masu kiɗa da rawa, a bayan ɗari biyu shanu da buhunan amfanin gona da aka tara kamar dalar gyaɗa, a bayan ɗari biyar wurin haƙo mai a cikin teku. Wato masu suna suna gaba, masu aikin da ke haifar da dukiyar suna baya kuma babu wanda ya san sunansu, in ka cire Ladi Kwali mai ginin tukwane da ke bayan ashirin, ita kaɗai ce mace mai suna a duk kuɗinmu, ita ɗin ma a baya take. Ban ce manyan nan basu cancanta ba, Sardauna dai mu a garin nan bama buƙatar a bamu labarinsa, gidansa na nan Arewa House kowa na iya zuwa ya gani. Abin da nake cewa shi ne tsarin kansa yana koya mana wani abu kullum ba tare da mun sani ba, cewa ƙasa ta manya ce, sauranmu kayan ado ne a bango. Yaro tun yana karɓar kuɗin tara yake haddace wannan darasin, shi yasa in ya girma baya jin komai don ya bi motar ubangida a guje yana sai kayi.

Ka kuma lura da ƙananan abubuwa don zaka buƙace su a zanenka: zagayen da ake saka fuska a ciki, lambobi a kusurwa, siraran layukan nan masu murɗewa kamar saƙar gizo-gizo, lambar siriyal, sa hannun gwamnan babban banki, da rubutun ajami. Mutane da yawa suna ɗauka Larabci ne, Hausa ce, naira dubu aka rubuta, naira ɗari biyar aka rubuta. An cire shi daga ƙananan takardu a 2007, an kuma cire daga sabuwar ɗari ta 2014, amma yana nan a ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Waɗannan abubuwan su ne suke sa ido ya yarda cewa takarda kuɗi ce tun kafin ya karanta komai.

Mataki na biyu shi ne ka tsayar da magana ɗaya tak da kake son zanen ya faɗa. Kuskuren da na fara yi kenan, na cusa tsadar mai da rashin wuta da cin hanci da 'yan jagaliya duk a takarda ɗaya sai ta koma kamar allon talla. Magana ɗaya ta isa. In kana neman inda zaka kama, tarihin duniya cike yake da misalai. A Ghana hoton Nkrumah na kan kuɗin da aka fitar a 1965, da aka yi masa juyin mulki a 1966 ba a daɗe ba aka fito da sababbi babu shi. Idi Amin ya hau kan kuɗin Uganda yana kan mulki, Mobutu ya cika kuɗin Zayar da hularsa ta fatar damisa, Saddam haka a Iraƙi, duk kuma da suka faɗi kuɗin ya bi su. A Iran bayan juyin 1979 kafin a buga sababbi sai aka riƙa rufe fuskar sarki da zanen ado a kan tsofaffin takardun. Kenya kuwa a tsarin mulkinsu na 2010 suka rubuta ƙarara cewa kar a sake sa hoton wani mutum a kuɗi. Amurka tun 1866 doka ta hana sa hoton mai rai a takardar kuɗi. Sefar da 'yan uwanmu na Nijar ke kashewa yanzu babu fuskar shugaba ko ɗaya. Kuma wanda ya fi burge ni, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan a shekara ta 77 bayan hijira ya buga dinarin da babu hoton kowa, rubutu ne zalla, bayan kafin nan an buga mai siffar halifa a tsaye da takobi. Kaga ashe gardamar nan tsohuwa ce.

Wannan na ƙarshen yana da amfani ga wanda baya son zana fuskar mai rai saboda addini, na san da yawa cikinmu haka suke kuma ina girmama hakan. Ba dole sai da fuska ba, ni a ganina ma zanen ya fi ƙarfi in babu ita. Zaka iya barin zagayen fanko. Zaka iya sa hula ita kaɗai babu kai, ko babbar riga a tsaye babu mutum a ciki, ko kujera, ko lasifika, kowa zai gane. Ni abin da na zaɓa hannu ne. Kawuna ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, unguwar da tun 1957 aka san ta da saƙa, har ranar da aka kulle ƙofa aka ce su je za a neme su. Babban yatsansa na dama ya lanƙwashe, farcen ya rabe biyu bai sake haɗewa ba saboda wani inji da ya taɓa kama shi. Wannan hannun na sa a tsakiyar zagayen da ake sa manya, na kewaye shi da duk adon da ake yiwa shugaba. A wurin adadin kuɗi kuma na rubuta ALƘAWARI DUBU, da boko da ajami. Ban sa sunansa ba ban sa sunan kowa ba.

Mataki na uku, dan Allah kar ka tsallake wannan, doka. Dokar babban banki ta 2007 a sashe na 20 ta ce wanda ya yi jabun kuɗi ɗaurinsa baya gaza shekara biyar, sashe na 21 kuma ya hana wulaƙanta naira, rubutu a jiki ko yagawa ko liƙi a wurin biki ko takawa, hukuncinsa ɗaurin da baya gaza wata shida ko tarar da bata gaza naira dubu hamsin ko duka biyun. Akwai wani mai zane a Brazil, Cildo Meireles, da a shekarun 1970 lokacin mulkin soja ya riƙa buga tambaya da hatimi a jikin kuɗin gaske yana mayar da su kasuwa su yi ta yawo hannu zuwa hannu, aiki ne mai ƙarfin gaske amma kai a nan kar ka gwada, laifi ne. Wani Ba'amurke kuma J.S.G. Boggs da ke zana kuɗi da alƙalami sai da aka kai shi kotu a Landan a 1987, ya dai kuɓuta. Don haka ƙa'idata ita ce: kar ka yi fotokwafin naira, kar ka rubuta kalmar naira, kar ka sa sunan babban banki ko tambarin ƙasa ko sa hannun kowa, ka buga gefe ɗaya kawai, kuma ka yi shi ƙato. Takardar dubu bata wuce santimita 15 da 'yan kai a tsawo ba, naka ya kai kamar 40 da 20, yadda ko makaho ya shafa ya san ba kuɗi bane. Fuskar ɗan siyasa mai rai ma ina baka shawara ka bar ta, banda rigimar da zata iya jawo maka, da zarar ka sa fuskar wane zanen ya zama na jam'iyya, magoya bayansa su zage ka 'yan adawa su tafa maka, babu wanda zai tsaya yayi tunani, alhali ciwon namu ne gaba ɗaya.

Na huɗu, kayan aiki. Ba masu tsada bane. Akwai robar da ake yi musamman don wannan aikin ana ce mata lino, in ka samu a shagon kayan zane toh madalla, in baka samu ba ka je wurin masu sayar da kayan ɗinkin takalma a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci ka nemi fallen robar da ake yin ƙasan takalmi da ita, mai santsi wadda babu zane a fuskarta, kaurinta kamar milimita huɗu ko biyar. Ka danna ta da farce, in farcen ya nutse kamar soso ta yi laushi da yawa layinka zai baje, in ko alama bai yi ba ta yi tauri zata gajiyar da kai, tsaka-tsaki ake so. Sai filawud da zaka manna robar a kai da gam don kar ta lanƙwashe. Wuƙaƙen sassaƙa iri biyu kake buƙata, mai bakin V ta siraran layi da mai bakin U ta kwashe fili. In babu, ka nemi tsohuwar lema, ƙarafan nan nata dama a lanƙwashe suke kamar kwararo, ka yanko kamar tsawon yatsa ka wasa bakin a dutse ka soka a guntun ice ya zama mariƙi, a Panteka in ka nuna musu abin da kake so cikin minti kaɗan zasu haɗa maka. Sai reza, rola ta roba, gilashin luba guda biyu, tawadar injin buga takardu wadda masu buga katin biki ke amfani da ita, zasu iya ɗibar maka kaɗan a gwangwani, baƙa da wani launi ɗaya. Sai takarda mai ɗan kauri amma ba mai sheƙi ba, fensir mai laushi 6B, maka baƙa wato alƙalamin nan mai kaurin baki, madubi, sanfefa mai laushi, cokalin ƙarfe, man gyaɗa da tsumma.

Na biyar, zane. Ka yanka takarda daidai girman robar ka zana komai da fensirin nan, ka danna sosai. Ka fara da firam na waje, sannan zagayen tsakiya, sannan lambobi a kusurwoyi, rubutu daga ƙarshe. Ka tuna a wannan aikin babu toka-toka, ko baƙi ko fari, inuwa da layi ake yinta, layuka kusa da juna duhu, nesa da juna haske, dama in ka duba fuskar da ke kan naira da kyau zaka ga haka aka yi ta, layi ne da ɗigo. Amma kar ka ce zaka yi gasa da su a sirantar layi, su a ƙarfe ake sassaƙa nasu kuma da matsi mai ƙarfi ake bugawa shi yasa sabuwar takarda kake jin tudun tawada in ka shafa, kai roba gareka, layinka kar ya gaza kaurin tsinken ashana. Wurin adon murɗe-murɗen nan ni ban kwaikwayi nasu ba, na ɗauko namu, dagin Arewa, aska takwas ta wuyan babbar riga, zanen hular zanna, adon bangon gidajen Zariya. Wallahi da na jera aska takwas a gefen firam ɗin sai ga shi ya zauna kamar dama don kuɗi aka ƙirƙire shi, kuma ya ƙara wa maganar nauyi tunda rigar manya ce.

Na shida, juya zanen kan roba. Ka ɗan goge fuskar robar da sanfefa ta daina sheƙi, ka share ƙurar, ka kifa zanenka fuska a ƙasa, ka manne gefe da salatif, ka goge bayan takardar da cokali ko'ina. In ka ɗaga zaka ga fensirin ya koma kan robar a juye, haka ake so, duk abin da ke kan roba a juye yake fita a takarda, irin dai yadda masu sassaƙa hatimi ke yi. Ka bi layukan da maka don kar hannunka ya goge su. Nan ne ajami ke rikita mutum, shi da ake rubutawa daga dama zuwa hagu a kan roba zai koma daga hagu zuwa dama, idonka zai yi ta ce maka kuskure ne hannunka na son gyarawa, kar ka gyara. Ka ɗauki madubi ka duba, in ya karantu daidai a madubi toh daidai ne. Ni na taɓa ɓata roba guda ta kwana huɗu saboda harafi ɗaya da na "gyara". Kuma in ajaminka bai nuna ba ka kai wa malamin allo ya rubuta maka da hannunsa, rubutun zai fi kyau nesa ba kusa ba, ka kuma biya shi.

Na bakwai, sassaƙa, nan ne aikin yake. Abin da ka cire shi ne zai fita fari, abin da ka bari shi zai ɗauki tawada, ka riƙa maimaita wannan a ranka. Ka ajiye robar a rana kamar minti goma ta yi ɗumi, wuƙa zata riƙa tafiya kamar a sabulu, in ta huce ka mayar. Ka buga guntun katako a bakin tebur ya tokare filawud ɗin don kar ya riƙa zamewa. Hannun da ke riƙe da aiki kullum ya kasance a bayan wuƙa ba a gabanta ba, wannan ba wasa bane, ƙarfen lema in ya kufce har ƙashi yake kaiwa. Ka fara da mai bakin V ka bi gefen kowane siffa, ba da zurfi ba, rabin kaurin robar ya isa, kuma ka karkata yankan waje yadda gindin layin zai fi samansa faɗi kamar tudun kunya a gona, in ka yanke ƙarƙashinsa zai karye tun a bugu na biyar. Wurin lanƙwasa robar zaka juya ba hannunka ba. Rubutu da ƙananan kusurwoyi da reza. Sai daga ƙarshe ka kwashe manyan filaye da mai bakin U, kuma kar ka kwashe su tas, 'yan tudun da ke saura suna ɗaukar tawada kaɗan su bar siraran alamu a fili, wannan ne ke nuna aikin hannu ne, ni har tsara su nake su riƙa fita daga zagayen tsakiya kamar hasken rana, irin hasken da ake zana wa manya a fosta. Hannun kawu ya ci min kwana uku shi kaɗai, rabewar farcen nan da bakin reza na yi ta, yanka biyu, na riƙe numfashi. In ka gaji ka ajiye, duk ɓarnar da na taɓa yi bayan isha'i nayi ta da fitilar waya.

Na takwas, gwaji. Ka ɗebi tawada kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu ka sa a gilashi, ka yi ta murza rola gaba da gefe har ta baje. Kunnenka ne zai gaya maka, in kana jin tsaf-tsaf mai ƙarfi kamar ana taka taɓo ta yi yawa, in ta koma wani siririn sauti kamar yayyafi a kan kwano toh ta yi. Ka shafa wa robar sau uku ko huɗu sama-sama maimakon sau ɗaya mai kauri, tawada mai yawa tana cike siraran layi. Ka kifa takardar banza, ka shafa da tafin hannu ta kama, sannan ka bi da bayan cokali kana zagayawa ƙanana-ƙanana daga tsakiya zuwa gefe. Ka ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa, in akwai inda bai kama ba ka mayar ka ƙara gogawa. Bugu biyu na farko kullum basa kyau don robar bata sha tawada ba, kar ka karaya. Ka manna gwajin a bango ka ja baya taku biyar, ka kira wani wanda bai san me kake yi ba ka tambaye shi me ya gani. Ni wani mai Keke Napep na kira, yana kallo yace kuɗin wace ƙasa ce wannan, can kuma ya matso yace a'a, hannun lebura ne ai. Da naji haka na san ya yi.

Na tara, launi na biyu, in kana so. Kuɗi baya kama da kuɗi sosai in babu wani launi mai haske a ƙasa, kuma mu nan mun san launi ba ƙaramin abu bane, a Afrilun 1984 launin takardu kawai aka sauya mutane suka yi ta layi, a 2022 ma kusan haka, ɗari biyu ta koma ja, ɗari biyar kore, dubu shuɗi. Ka yanka roba ta biyu daidai girman ta farko, ka buga ta farkon a takarda, tun tawadar na ɗanye ka kifa takardar a kan ta biyun ka goge, zanen zai koma kai a daidai wurinsa, sai ka cire inda kake son ya zauna fari kamar cikin zagaye. Don kar launukan su goce ka manna kwali mai siffar L a tebur inda filawud zai riƙa zama, da wani L ɗin a waje inda kusurwar takarda zata riƙa tokara, kowane bugu a nan, kar ka yarda da ido. Mai haske ake fara bugawa, a bari ya bushe, sannan baƙi a kai.

Na goma, bugu na gaske da shanya. Ka yanke takardunka duka tun kafin ka taɓa tawada, ka bar fili kamar yatsa uku a kowane gefe, ka wanke hannu ko ka sa wani mai tsabtataccen hannu ya riƙa miƙo maka. In ashirin kake so ka buga ashirin da biyar don wasu zasu lalace. Ka ɗaura igiya a cikin ɗaki ka maƙale su da abin shanya, ba a waje ba, musamman da hunturu, ƙurar Kaduna in ta hau ɗanyar tawada ta zauna kenan har abada. Da rani kwana biyu zuwa uku suke yi min, da damina har mako. In sun bushe ka zaɓi masu kyau ka rubuta da fensir a ƙasa, hagu lamba kamar 1/20, 2/20, tsakiya sunan zanen, dama sa hannunka da shekara. In ka ce ashirin toh ashirin ɗin ne, kar ka ƙara bugawa a ɓoye don an saya, amana ce tsakaninka da wanda ya biya. Wannan tsarin ba baƙo bane a wurinmu, Bruce Onobrakpeya da duniya ta sani da bugun zane nan kusa ya yi karatu, a Zariya, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958.

Wurin kuɗin sayarwa ka lissafa roba da tawada da takarda da kwanakin da ka yi, ka raba da adadin bugun, ka ɗora ribarka, kar ka ji kunya. Amma ka ware biyu ko uku da ba na sayarwa ba ka rataye inda mutane ke zama, shagon aski, teburin mai shayi, majalisar unguwa, don a nan ne ake gardamar da zanen ke nema. Na farko cikin ashirin ɗin nawa kawu na kaiwa har gida a Kakuri, ya sa tabarau ya karanta ajamin a hankali, ya ɗora babban yatsansa kusa da na takardar yana gwadawa, sannan yace a sa masa a firam a rataye saman rediyo.

Da ka gama kar ka bar tawada ta kwana a rola, ka zuba man gyaɗa kaɗan a gilashi ka murza ta narke, ka goge da tsohuwar jarida, sannan sabulu da ruwa, robar ma haka amma a hankali da tsumma, kalanzir yana cinye wasu robobin don haka ka gwada a gefe tukuna. Ka naɗe ta a jarida ka ajiye a kwance inda rana bata bugu, kar ka ɗora mata kaya. Rolar kuma ka rataye ta ko ka kwantar da ita a bayanta, in ta kwana a kan fuskarta zata yi shafaffen wuri kuma duk bugun da zaka yi nan gaba sai layin ya fito.